Ƙurajen Haɓar Kyanwa: Kada a Ɗauka Dauɗa Ce

A hutun da ya wuce na koma gida na tarar da kyanwarmu da wasu baƙaƙen ɗige-ɗige a ƙarƙashin haɓa, kamar an barbaɗa mata garin gawayi. Ƙanena ya ce dauɗa ce, har ya ɗauko Dettol zai dirje wurin. Da kyar na ƙwace kwalbar. Wallahi ba don ina karanta lafiyar dabbobi ba, da har taya shi zan yi.

Mene ne wannan ciwon?

Fatar haɓar kyanwa tana da ƙofofin gashi masu fitar da maiƙo. Idan maiƙon ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofar, sai ɗigon baƙi ya bayyana, kamar dai ƙurajen fuskar da ke damun wasunmu. Da farko ba ya yi mata zafi. Amma in ƙwayoyin cuta suka shiga, sai haɓar ta kumbura, ta yi ja, ta fara fitar da mugunya, gashin wurin ya zube. Ciwon ba ya zaɓen mace ko namiji, kuma ba ya kama mutum.

Kwanon roba na cikin manyan abubuwan da ake zargi, domin yana karcewa, ƙazanta ta maƙale a karcen, kullum kyanwa tana goga haɓa a kai. Rashin lashe jiki sosai da damuwa su ma suna ƙara tsananta shi.

Yadda na kula da tamu

Na farko, na jefar da tsohon kwanon robar da take ci, na ba ta na tangaran mara zurfi. Na gilashi ko na ƙarfen da ba ya tsatsa shi ma ya yi. A wanke shi kullum da sabulu.

Na biyu, ina jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, in ɗora a haɓar na 'yan mintuna, sannan in goge a hankali da auduga da ruwan wanke ciwo na kuloheksidin wanda aka sirka yadda likitan dabbobi ya nuna mini. A kiyaye ido da baki. Cikin 'yan makonni wurin ya washe.

Abin da ba a yi

Kada a matse ƙurjin. Matsewa na fasa ƙofar gashin ta ciki, ciwon ya ƙara zurfi. Kada a sa Dettol ko man ƙurajen fuskarmu, don kyanwa tana lashe duk abin da ya taɓa jikinta. Farasitamol kuwa guba ne gare ta: hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya ma na iya kashe ta.

Yaushe za a kai asibiti?

In an ga kumburi, jini, mugunya, ko ta daina cin abinci, a kai ta asibitin dabbobi. Likita zai duba ko makero ne ko ƙazwa, domin makero yana kama mutum, musamman yara. Zai kuma iya rubuta maganin shafawa ko na sha.

Ciwon kan dawo, saboda haka ko ta warke a ci gaba da wanke kwano, ana ɗaga haɓar ana dubawa lokaci-lokaci. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.