Yadda ake gwada ɗalibi mai naƙasa da guntun aiki kafin a zaɓa masa sana'a

A Amurka doka ta wajabta wa makaranta ta fara tsara makomar ɗalibi mai naƙasa da zarar ya kai shekara 16. Maimakon a tsare shi da tambayoyi a takarda, sau da yawa sai a ajiye masa guntun aiki a kan tebur, a ce bismilla.

Da farko mai gwajin yakan je ma'aikata ya zuba wa masu sana'ar ido, ya rarraba aikinsu gaɓa-gaɓa, sannan ya kwaikwayo shi a ƙaramin tsari. A gwajin farko na kamfanin Valpar, akwati ne ɗalibi zai zura hannu ciki, ya riƙa ɗaura noti da kusoshi da sifana, filaya da sukudireba, wani lungun ma sai da lalube.

Sai a nuna masa, ya ɗan gwada, kana a danna agogo. Ana rubuta mintunan da ya ci da kurakuransa, ana kuma lura ko yakan gaji da wuri ko ya fusata in noti ya ƙi shiga. Kurma a yi masa bayani da yaren hannu, mai raunin gani a ƙara masa haske. Daga nan a gwama sakamakon da saurin da masana'antu ke nema.

Inda gizo ke saƙa shi ne mataki na ƙarshe, wato bin ɗalibin wurin aiki a ga ko gwajin ya faɗi gaskiya. A 1998 masu bincike Schmidt da Hunter sun ƙiyasta dacewar irin wannan gwaji da ƙwazon ma'aikaci a kan 0.54, a 2005 Roth da abokan bincikensa suka sauko da shi zuwa 0.33. Kuma ma'aikata gama-gari aka auna, ba ɗalibai masu naƙasa ba.

Shi ya sa zama ɗaya bai isa a yanke wa yaro hukunci ba. A farkon shekarun 1970, wani mai bincike, Marc Gold, ya koya wa matasa masu raunin ƙwaƙwalwa harhaɗa birkin keke mai sassa 15, aikin da aka ɗauka ya fi ƙarfinsu. Mai gwajin da ya san aikinsa yakan maimaita gwajin, ya sauya salon koyarwa, ya rubuta yadda saurin ke ƙaruwa, sannan ya tura ɗalibin shago na gaske ya ji ta bakin maigidan.