Yaushe Ya Fi Dacewa a Kai Yara Lambun Agodi?

Wani mai sauraronmu daga Sabo, Ibadan, yana tambaya ko wuraren wasan yara suna da lokacin rufewa a shekara.

To Malam, a ƙasashen sanyi haka abin yake. Cedar Point da ke Ohio a Amurka yakan buɗe a watan Mayu, ya rufe wajen ƙarshen Oktoba, saboda hunturu. Ibadan ba ta san dusar ƙanƙara ba, don haka lambun Agodi, nan kusa da Mokola, ruwan sama ne ke yanke masa lokaci. Damina takan kama daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, ta ɗan tsagaita a Agusta, daidai lokacin dogon hutun makaranta. Kada a raina ruwan garin nan, ambaliyar kogin Ogunpa ta 1980 ta taɓa lalata lambun. A ganinmu, Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi.

Za ka ce ai da Sallah yara ke ɗokin fita. Gaskiya ne, amma Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, wani sa'in ta faɗo tsakiyar damina, ga dogon layi a bakin lilo, yaro na jan rigarka yana kuka. In dole ne, ku bari sai kwana uku bayan Sallah, ku fita da hantsi, tunda hadari ya fi haɗuwa da yamma.