Ƙaramar Makaranta da Gudun Miƙa Sanda

'Yan'uwana ɗalibai, sau da yawa in an yi zancen wasanni a ɗakin kwana sai in ji wani ya ce, mu ƙanana ne, ina za mu iya karawa da manya? Wannan magana tana damuna, domin yawancinmu in mun gama za a aika da mu makarantun ƙauye ne, kuma sabon malami shi aka saba ɗora wa aikin fili. In ya tafi da wannan tunani, to, yaransa sun fāɗi tun ba a busa usur ba.

Bari mu fara da tarihi kaɗan. Jami'o'in Nijeriya suna da ƙungiyar wasanninsu, watau NUGA, wadda ta yi gasarta ta farko a Ibadan cikin 1966. A lokacin nan jami'o'in ƙasar duka biyar ne, har da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da aka buɗe a 1962. Kwalejojin horon malamai kuma suna da tasu, ana ce da ita NICEGA. Yau jami'o'i sun yi yawa, har Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, tana da reshe nan kusa da mu a Kafanchan. To, ƙaramin wuri irin wannan, ko kwalejin Gidan Waya, ba shi da dubban ɗaliban da Zariya ke zaɓe a cikinsu. Me zai yi ke nan?

A ganina kuskure ne ya ce zai shiga kowane wasa. Ƙwallon ƙafa yana bukatar mutum goma sha ɗaya, da masu jiran canji, da takalma, da kuɗin mota. Gudun miƙa sanda kuwa mutum huɗu ne kawai, kowa mita 100, da guntun gora ɗaya mai tsawon santimita 30 ko ƙasa da haka kaɗan. Abin da ya sa na fi son wannan gudu shi ne, ba mafi sauri ne kullum ke cinyewa ba. A wasannin Olamfik na Rio a 2016 'yan Japan suka zo na biyu a bayan Jamaika, alhali a lokacin babu ko ɗaya cikinsu da ya taɓa gudun mita 100 ƙasa da daƙiƙa 10. 'Yan Amurka kuwa, da duk saurinsu, aka soke su don sun miƙa sanda ba a cikin iyaka ba. Mu ma Nijeriya mun san daɗin abin: a Basalona cikin 1992 mazanmu suka sami azurfa, matanmu suka sami tagulla.

Ga yadda ake koyar da shi. Na farko da na uku su ne ke bin kwana, suna riƙe da sanda a hannun dama. Na biyu da na huɗu suna karɓa da hagu. Ta haka babu wanda zai ɓata lokaci yana sauya hannu. Wurin miƙawa mita 30 ne a dokar yanzu, dā mita 20 ne, kuma lalle sandar ta wuce daga hannu zuwa hannu a cikin iyakar nan. Mai karɓa ya sa alama a ƙasa bayansa. Da zarar ɗan'uwansa ya taka alamar, sai ya zura da iyakar ƙarfinsa, kada ya waiwaya. Sa'ad da mai kawowa ya matso ya yi kira, sa'an nan ya miƙa hannu baya, ya riƙe shi cik har ya ji sanda a tafinsa. Nisan alamar ba ɗaya ba ne ga kowa, sai an gwada an sāke gwadawa har a dace.

Waiwayen nan shi ne babbar cuta, ni ma ya taɓa cina. Ina makarantar mishan a Kwoi aka sa ni na huɗu. Muna gaba sarai, amma na ji ihu ya yi yawa, na juya in ga ko abokina ya iso. Hannuna ya gusa, sanda ta fāɗi cikin ciyawa. Kafin a ɗauka har na baya sun wuce. Abokin nan ya yi mako bai gaishe ni ba, ban kuwa ga laifinsa ba.

Fili ma ba ya cin kuɗi. A kafa turaku biyu, tsakaninsu mita 84.39. A ɗaura igiya mai tsawon mita 36.5 a kowane turke, a ja rabin da'ira a kowane gefe, sa'an nan a haɗa su da miƙaƙƙun layuka biyu. Zagaye ɗaya ya zama kusan mita 400 ke nan. A bi layin da toka ko farar ƙasa.

Abin da ya fi wuya a ƙasarmu ta Jaba shi ne lokaci. Da damina fili ya jiƙe, da kaka kuma iyaye suna neman yara wajen haƙar citta da shanya ta, ba kuwa za a ce sun yi laifi ba, da kuɗin cittar ake biyan makaranta. Don haka malami ya zaɓi yara shida maimakon huɗu, ya koya wa kowannensu wuri biyu, ya kuma mai da horo da sassafe kafin a shiga aji.