Darasi: motsa gaɓɓai bisa kujera

A ƙasar Arewa, daga Matankari har Kore Mairuwa, in an gama cika rumbu, tsoho yakan wuni zaune a inuwa. Rani kuwa da tsawo. Ranar da ruwan shuka ya sauka, sai gwiwa ta ƙi miƙewa, sungumi ya yi nauyi.

Gaɓar da ba ta motsi ƙagewa take yi. Motsi ne ke zagayawa da ruwan da ke cikinta.

Ba sai an yi gudu ba. Benci ya isa, ko kujera mai ƙarfi wadda ba ta rawa. Tsoho ko tsohuwa su zauna, baya a miƙe. A miƙe ƙafa guda, a ƙidaya biyar, a sauke. Sau 10 kowace ƙafa. Sa'annan a tashi tsaye, a koma a hankali, sau 5. Wannan shi ke ƙarfafa cinya, cinya kuwa ita ke rage wa gwiwa kaya.

A shekarar 2020, Ƙungiyar lafiya ta duniya ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama su yi motsin da ke hana faɗuwa kwana 3 a sati. In tsofaffi sun taru a wurin yaƙi da jahilci kafin karatu, wani ya ƙidaya wa wani.

Gwiwar da ta kumbura, ta ɗauki zafi, ba a matsa mata. A kai mai ita likita mafi kusa, ko asibitin Dogon Dutsi.