Disleksiya da Matsayin Ɗalibi a Manyan Makarantu

1.0 Gabatarwa

A kowane aji na jami'a akan sami ɗalibin da in aka yi muhawara da baki sai ya burge kowa, amma da zarar an zauna jarrabawa sai rubutunsa ya fito birkice, lokaci ya ƙare bai kai rabin tambayoyi ba. Sau da yawa akan yanke masa hukuncin lalaci ko daƙiƙanci. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikin dalilan wannan hali, watau disleksiya, da irin tallafin da manyan makarantu kan bayar.

2.0 Ma'ana da Asali

Disleksiya wahala ce ta musamman wajen karanta kalma daidai cikin hanzari da kuma rubuta ta bisa ƙa'ida, ba tare da akwai raunin hankali ko na gani ba. A 1877 likitan Jamus Adolph Kussmaul ya kira irin wannan matsala makantar kalma, sa'an nan daga baya Rudolf Berlin, likitan ido a Stuttgart, ya raɗa mata sunan da ake amfani da shi yau. A 1896 wani likitan Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro mai shekara 14, haziƙi a lissafi, wanda ya kasa rubuta ko da sunansa daidai. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa tushen matsalar yana ga rarrabe sautukan magana da danganta su da haruffa. Takan bi jini, kuma ba ta gushewa da girma, sai dai mutum ya koyi dabarun zama da ita.

3.0 Dangantakarta da Tsarin Rubutu

Nauyin matsalar kan bambanta daga harshe zuwa harshe. A Italiyanci, inda harafi ke tafiya da sauti kusan ɗaya bisa ɗaya, alamunta kan yi sauƙi. A Ingilishi kuwa, inda sauti guda kan zo da rubutu iri-iri, sukan tsananta. Bokon Hausa ya fi kusa da rukunin farko, amma yana da nasa tarkon. Ba a nuna tsawon wasali ko karin sauti, don haka "gari" na iya zama na mazauna ko na tuwo, "baƙi" kuma na iya zama launi ko mutanen da suka zo ziyara. Dole mai karatu ya dogara da jimla kafin ya gane. Daɗin daɗawa, ɗalibin Nijeriya da Ingilishi yake yawancin karatunsa, watau harshe na biyu mai wuyar rubutu, abin da kan sa a ɗauki matsalar a matsayin rashin iya Turanci kawai.

4.0 Tallafi a Manyan Makarantu

A Amurka sashe na 504 na dokar 1973, da kuma dokar naƙasassu ta 1990, sun hana kwalejoji nuna wa irin waɗannan ɗalibai bambanci. A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 ta wajabta yin gyare-gyaren da suka dace. Ɗalibi kan kai shaidar gwaji ofishin da ke kula da wannan aiki, daga nan a ba shi abubuwa kamar haka: ƙarin lokacin jarrabawa, wanda a Birtaniya yakan kai kashi 25 cikin ɗari, ɗaki marar hayaniya, izinin ɗaukar lacca a na'ura, takardun darasi tun kafin a shiga aji, da manhajar kwamfuta mai karanta rubutu da murya. Ba a rage wa ɗalibin abin da ya wajaba ya sani. Hanyar nuna sanin kaɗai ake sauyawa.

A Nijeriya an kafa Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Musamman a Oyo a 1977, an kuma sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Janairun 2019. Sai dai hankali ya fi karkata ga naƙasar da ido ke gani, kamar makanta da gurgunta. Mai disleksiya kuwa yakan ɓoye halinsa don gudun gori.

5.0 Kammalawa

An ga cewa disleksiya matsala ce ta sarrafa sauti da harafi, kuma yawancin tallafinta ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Sassan nazarin Hausa na da rawar takawa a nan, domin gwajin da aka tsara don mai jin Ingilishi ba zai auna Bahaushe daidai ba. Tsara gwaji bisa sautuka da gaɓoɓin Hausa aiki ne da ke jiran masana harshe da malaman ilmi na musamman su haɗa hannu a kansa.