Filin Manoma: Ɗan Tsuntsun Kurmi Mai Dogon Wutsiya

Manoman Kurmin Kogi da na fadamun Ikara, Makarfi da Kudan sun san wani ɗan tsuntsu da ya ke bayyana a duhuwar itatuwan bakin rafi in damina ta sauka. Jikinsa bai wuce inci 7 ba. Kansa baƙi ne mai sheƙi, bayansa ja kamar jar ƙasa, namijin kuwa yana da gashin wutsiya biyu dogaye da su ke reto in ya tashi. Masana suna kiransa Terpsiphone viridis. Yana son wuri mai inuwa da laima, shi ya sa a nan arewa galibi sai a kurmi da lambun mangwaro a ke ganinsa.

Wannan tsuntsu ba ya taɓa hatsi. Abincinsa ƙwari ne: ƙuda, shinge, malam-buɗe-littafi, da tsutsar da ke maƙale ƙarƙashin ganye. Sai ya zauna a reshe, ƙwaro na giftawa ya cafke shi a iska, ya komo mazauninsa. Sheƙarsa 'yar ƙarama ce kamar finjali, ya kan ɗaure ta da yanar gizo a gwafar reshe, macen ta saka ƙwai 2 ko 3. Lokacin ciyar da 'ya'ya ya fi farauta, watau daidai sa'ad da ƙwari ke damun shuka.

To, amma kada a ɗora masa abin da ba ya iyawa. Tsutsar da ta shige cikin karan dawa ko masara ta fi ƙarfinsa, wannan sai a nemi malamin gona.

Abin takaici, yara masu danƙon harbi ba su bambanta shi da jan-baki mai cinye gero. Ko masu cin hatsin ma a yi hattara. A 1958 ƙasar Sin ta umurci mutanenta su kashe gwarare don suna cin hatsi. Aka kashe, fari da tsutsa suka yi yawa, har a 1960 hukuma ta janye umurnin.

Saboda haka mai sharar fadama don rake ko tumatir ya bar layin itatuwan bakin rafi a tsaye, kada ya sa musu wuta. Mai feshi kuma kada ya fesa wa itacen da ke da sheƙa, kada ya wanke famfonsa cikin rafi. Uba ya nuna wa ɗansa tsuntsun tun kafin ya bar shi ya riƙe danƙo.