Shawara ga Iyaye Kiristoci kan Finafinan Jarumai

Kafin yaro ya kunna fim, ku duba alamar shekarun da ke jikinsa. Yawancin finafinan Marvel PG-13 ne, amma Deadpool na 2016 R ne, cike da ashar da zubar da jini. Wannan na manya ne.

Ku zauna ku kalla tare da yaran. A Avengers: Endgame na 2019, Tony Stark ya ba da ransa don ya ceci wasu. Ku buɗe musu Yohanna 15:13 a nan. Idan jarumi ya ɗauki fansa ana tafa masa, ku tuna musu Romawa 12:19. Thor kuwa, ku fayyace musu cewa daga tatsuniyar mutanen arewacin Turai ya fito, ba allah na gaskiya ba ne, domin Allah ɗaya ne.